Tumatirin Gwangwani Da Ɗanyen Karas

Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina riƙe da alli. Na sha zana wa yara kashin abinci uku a allo, wato mai gina jiki, da mai ba da ƙarfi, da mai tsare jiki daga cuta. Su kan haddace, in ba su maki. Duk da haka, a cikin gidana ne aka kusa yin hasarar ido saboda abinci, ni kuwa ina nan zaune ban lura ba. Na daɗe ina jin kunyar ba da wannan labari. Amma na ga idan na yi shiru wani uban zai faɗa ramin da na faɗa, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

A Gwandu na fara aikin koyarwa, ina saurayi. Na kama ɗaki a gidan wata dattijuwa, muna ce mata Inna. Ta riƙe ni kamar ɗan cikinta, har sa'ad da na yi aure ita ce ta koya wa matata tuƙa tuwon gero irin na ƙasar. Daga baya aka mai da ni Kalgo, kusa da Birnin Kebbi, inda mu ke zaune har yau. A lokacin da na ke ba ku labari mu takwas ne a gida: ni da uwargida, da 'ya'yanmu huɗu, da ƙanwarta, da ɗan wana. Ƙaramarsu duka ita ce Auta, shekararta huɗu.

Ni ɗan talaka ne. A ƙauyenmu tuwo da miyar ganye mu ke ci safe da yamma, yau zogale, gobe rama, jibi taushe. Shinkafa da jar miya sai ranar biki. Saboda haka tun ranar da na karɓi albashina na fari na ƙudura a raina, 'ya'yana ba za su tashi da miyar ganye ba. A ganina jar miya ita ce shaidar gidan ma'aikaci. In uwargida ta ce za ta yi miyar zogale, sai in ɓata fuska in ce, "Abin da na gudo masa ke nan za ki sake kawo mini?" Ta bi ni, gama ba ta son gardama.

A shekarar 2016 aka yi tsadar tumatir wadda ba a taɓa ganin irinta ba. Wata ƙaramar tsutsa mai suna Tuta absoluta ta auka wa gonaki a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har jaridu suka laƙaba mata suna Ebolar tumatir, gwamnatin Kaduna kuma ta kafa dokar ta-ɓaci a kan al'amarin. Ɗanyen tumatir ya gagari mai albashi irin nawa. Sai muka koma ga na gwangwani da na leda. Ga shi da sauƙin ajiya, ga shi ɗan kaɗan ya kan rina tukunya guda. Ko da tsadar ta wuce ba mu bar shi ba. Ƙarshen wata na kan sayo shi da yawa in jera a kan kanta, in dube shi in ji daɗi. Kuɗin da ke tafiya wurinsa da wurin shinkafa ya sa muka rage nama da ƙwai, muka bar manja, muka tsaya ga man gyaɗan awo na maƙwabta.

Karas kuwa na hana shi shiga gidana ɗungum. Wata rana yara sun saya a tire wurin 'yan talla, suka ci ba wanki, cikinsu ya ɓaci. Maimakon in koya musu wankewa, sai na kafa doka. Na ce abincin zomo ne, ba ya ƙosarwa, ba ya ƙara kome.

Da bazarar 2017 ƙyanda ta kama Auta. Ta sha wuya, amma ta tashi. Bayan ta warke muka ga ta sake hali. Da rana tana wasa kamar kowane yaro, amma da zarar rana ta faɗi sai ta nemi gindin bango ta zauna, ko ta riƙe zanen uwarta ta ƙi saki. In an aike ta ɗaki ta ɗauko abu sai ta fashe da kuka. Sau biyu ta yi tuntuɓe da kwanon tuwo. Na ce shagwaɓa ce ta ɗan auta. Wani dare har na daka mata tsawa, na ce ta bar mana iya shege. Wannan tsawa tana damuna har yanzu.

Da aka ba da hutu muka kwashi yara muka tafi Gwandu gai da Inna, kamar yadda muka saba kowace shekara. Da magariba ta yi, Inna ta idar da salla, tana zaune a kan tabarmarta, sai ta miƙa wa Auta ƙuli-ƙuli. Yarinya ta miƙo hannu, amma ta miƙa shi gefe, tana lalube a iska. Inna ta janye hannunta, ta sake miƙawa ta wani gefen. Haka dai. Sai ta juyo wurina.

Ta ce, "Malam, tun da kunka zo ni ka kallon ɗiyag ga. Dundumi gare ta."

Na ce, "Haba Inna, tsoron duhu ne kawai. Da rana ai har allura ta kan tsinta."

Ta ce, "Shi na dundumi, ɗana. Da rana ido garau, da dare babu. Ku biɗo anta ku gasa mata. Kuma ka kai ta likita, kak ka tsaya."

Ban yi barci ba daren nan. Ni da na ke koya wa 'ya'yan mutane kiwon lafiya, ga tsohuwar da ba ta taɓa zama a benci ba ta gane cikin yini ɗaya abin da na kasa ganewa cikin wata guda. Gaskiyar masu magana, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Da muka komo gida na kai ta asibiti. Malamar asibitin ta buɗe idon ta haska, ta kira ni ta nuna mini wani ɗan tabo a farin idon, kamar busasshiyar kumfar sabulu. Ta ce wannan alamar ƙarancin bitamin A ce. Ta ce dundumi shi ne matakin fari. In aka ƙyale, baƙin idon ya kan bushe, ya yi gyambo, daga nan kuwa makanta ce wadda ba ta da magani. Ta ce ƙyanda ta kan cinye ɗan bitamin A da ke jikin yaro, shi ya sa ciwon ya kan fito bayanta. Ta yanke bakin wata 'yar jar ƙwaya mai mai a ciki, ta matse wa Auta a baki, ta ce mu komo gobe, mu kuma komo bayan mako biyu.

Sa'an nan ta tambaye ni, "Malam, me ta ke ci a gida?"

Na gyara zama na ce, "Shinkafa da miya kullum. Miyarmu kuwa ja wur, tumatirin gwangwani mu ke sawa, mai kyau."

Ta yi murmushi. Ta nuna mini wata yarinya ta taga, ɗauke da tiren karas a bakin ƙofa. Ta ce, "Da wancan ka riƙa saya mata, da wuya ku zo nan."

Kwana biyu da shan maganin, Auta ta tashi da dare ta bi ɗan kyanwa har bayan rumbu, ba mai riƙe da hannunta. Uwargida ta zauna ta yi ta kuka don murna.

Maganar malamar asibitin ta tsaya mini a rai. Yaya za a ce abin da na ke kashe wa kuɗi, wanda aka sarrafa a masana'anta aka rufe a gwangwani, ya kasa abin da a ke tallansa a tire? Na roƙi wani abokin aikina mai koyar da kimiyya, ya samo mini jadawalin awon abinci na ma'aikatar noma ta Amurka. Muka zauna bayan an tashi makaranta, muka yi lissafi a allo. Ga abin da muka samu.

Bitamin A ana auna shi da maikirogiram, wato giram ɗaya an raba shi gida miliyan. Yaro mai shekara 4 zuwa 8 yana bukatar wajen 400 kowace rana. A cikin giram 100 na ɗanyen karas akwai kimanin 835. A cikin giram 100 na markaɗaɗɗen tumatirin gwangwani mai kauri akwai kimanin 76. Wato karas ya ninka shi fiye da sau goma. Amma lissafin bai tsaya nan ba, gama ba wanda ke zama ya cinye giram 100 na tumatirin gwangwani. Ƙaramin gwangwanin da mu ke jefawa a tukunya giram 70 ne, bitamin A da ke cikinsa bai wuce 53 ba. Mu takwas mu ke raba miyar. Rabon Auta bai kai 7 ba, alhali tana bukatar 400. Karas guda ɗaya matsakaici kuwa, mai nauyin giram 60, yana ɗauke da wajen 500. Na daɗe tsaye a gaban allon nan da alli a hannuna.

Abin da ya ruɗe ni shi ne launi. Na ɗauka duk abin da ya yi ja jini ya ke ƙarawa, ido ya ke gyarawa. Ashe jan tumatir dabam, na karas dabam. Abin da ke ba karas launinsa shi a ke kira karotin, jiki kuwa ya kan juya shi ya zama bitamin A. Abin da ke ba tumatir jansa shi a ke kira laikofin. Danginsu ɗaya, amma jiki ba ya iya juya laikofin ya zama bitamin A, kome yawansa. Can bayan ido akwai wani sinadari wanda mu ke gani da shi a cikin duhu-duhu, da bitamin A a ke yinsa. In babu bitamin A, sai ido ya zama kamar fitila mai lagwani ba kananzir.

To, kada mai karatu ya ce na zo ne in ɓata tumatirin gwangwani. Shi ma yana da fagensa, a can kuwa karas ba ya ja da shi. Laikofin ɗin nan yana cikin abubuwan da ke tsare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, masu bincike kuma sun lura cewa mutanen da ke yawan cin tumatir su kan fi samun sauƙin ciwon zuciya. Abin mamaki shi ne, dafuwa ba ta kashe laikofin, sai ma ta sa jiki ya fi samunsa. Tun da ya ke tumatir mai yawa a ke ƙafewa kafin a cika gwangwani ɗaya, laikofin da ke cikinsa ya ninka na ɗanyen tumatir wajen sau goma. Jan karas irin namu kuwa kusan ba shi da shi sam. Wajen bitamin C ma, mai taimakon dasashi da warkar rauni, tumatirin gwangwani yana da kimanin miligiram 22 a giram 100, karas yana da wajen 6, ko da ya ke doguwar suya ta kan rage shi. Haka nan ya fi karas gishirin fotashiyam, mai amfani ga masu hawan jini. Ga shi kuma ana samunsa da damina sa'ad da ɗanyen tumatir ya yi wuya, karas kuma ya ɓace daga kasuwa. A jiharmu ta Kebbi ma an kafa masana'antar sarrafa shi a ƙaramar hukumar Ngaski a 2020.

Saboda haka in aka tambaye ni wanne ya fi, sai in ce, ya fi a wane aiki? Fartanya da lauje duk kayan gona ne, amma ba a yin noma da lauje. Laifina shi ne na ba tumatir aikin da ba nasa ba, na kuma kori mai aikin daga gida.

Akwai wani abu kuma da na koya game da kalmar nan "ɗanye". Da na gane darajar karas sai na wuce gona da iri, na ce kowa ya riƙa gurgurarsa ɗanye, kada wuta ta lalata shi. Abokin nan nawa ya ce a nan ma na yi kuskure. Karotin yana kulle ne a cikin ƙwayoyin karas masu tauri, haƙori ba ya fasa su duka, mai yawa ya kan wuce ta ciki ba a amfana da shi ba. In aka ɗan dafa shi ya yi laushi, sai ƙwayoyin su buɗe. Bugu da ƙari karotin a cikin mai ya ke narkewa, ba a ruwa ba, don haka jiki ya fi ɗaukarsa in an ci shi tare da ɗan mai ko gyaɗa. Laikofin ma haka ya ke. Ashe su biyun da na ke haɗa su gasa, tukunya ɗaya su ke so.

Yanzu ga yadda uwargida ta ke yi. Ta soya albasa da ɗan mai, ta zuba tumatirin, in ya soyu ta kankare karas uku ko huɗu ta yayyanka ƙanana ta zuba, ta bar shi ya yi laushi amma kada ya narke. In dafa-duka ce haka ta ke yi. Ɗanyen kuma ba mu bar shi ba, gama yana da dusa mai hana taurin bayan gida, ya kuma fi alewa a hannun yaro. Sai dai a wanke shi da ruwa mai tsabta a gida, a kankare bayansa, domin ba mu san ruwan da aka yi ban-ruwa da shi ko wanda aka wanke shi da shi a kasuwa ba. Ƙananan yara waɗanda ba su iya tauna sosai ba, a dafa musu a murƙushe, kada ya shaƙe su.

Gwangwani shi ma yana da ka'idarsa. Wanda ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko ya lotse a bakin rufi, a yar da shi. In an buɗe ba a ƙare ba, a juye ragowar a kwano mai murfi, a yi amfani da shi da wuri. A kuma sa yaro ɗan makaranta ya karanta abin da aka rubuta a jiki, gama waɗansu ba zallar tumatir ba ne, an haɗa su da sitaci da sukari da gishiri da launi.

Wani zai ce, to, karas ai na rani ne, daga hunturu zuwa farkon bazara, in ya wuce fa? Allah ya yi wa jiki rumbu, wato hanta. A nan a ke tara bitamin A, ya kan kai watanni. Shi ya sa Inna ta ce a gasa hanta, gama hantar dabba ita ma rumbu ce. Yaron da ya ci karas sosai a lokacinsa ya yi ajiya. In karas ya wuce ga mangwaro ya shigo. Da damina ga zogale da alayyafo da rama. Da kaka ga kabewa. Ga gwanda, ga manja, ga ƙwai da man shanu. Na duba jerin nan sai na ga yawancinsu su ne abincin da uwata ta raine ni da shi, wanda na raina. Mu tara ta haifa, ba wanda ya taɓa yin dundumi a cikinmu.

Al'amarin ya wuce ido. A ƙasar Indonesiya wani likitan ido Ba'amurke mai suna Alfred Sommer ya bi dubban yara, a 1986 ya bayyana cewa ba su bitamin A ya rage mutuwarsu da wajen kashi ɗaya cikin uku, domin yana ƙarfafa jiki a kan ƙyanda da gudawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa yara 250,000 zuwa 500,000 ke makancewa a shekara saboda rashinsa, rabinsu kuma su kan mutu cikin shekara guda. Dalili ke nan da ya sa a ke ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 ƙwayar nan sau biyu a shekara, shuɗiya ga jarirai, ja ga waɗanda suka cika shekara. Auta ta rasa nata ne don sakacina, na ga ba ciwo ta ke yi ba, ban kai ta ba. Ku kai naku, ku kuma yi musu rigakafin ƙyanda. Amma kada kowa ya sayi ƙwayar ya sha da kansa, gama yawanta guba ne, ga mace mai ciki kuwa tana iya cutar ɗan tayi. Karas dai ba ya yin wannan ɓarna. Kada kuma a ɗora masa abin da ba zai iya ba: ba ya hana mai bukatar tabarau sa tabarau, ba ya warkar da yanar ido.

Shekarar da ta biyo muka koma Gwandu da ƙullin karas na tsaraba. Inna ta yi dariya ta ce ina ta ga haƙoran cinsa. Uwargida ta dafa mata shi a miya. Da magariba ta sake miƙa wa Auta ƙuli-ƙuli, yarinya ta cafke tun hannun bai gama miƙewa ba. Inna ta ce, "To, Malam, yanzu ka yi karatu."

Auta ta girma, tana makarantar sakandare, ita ce ma mai zuwa rufe akurkin kaji da dare. Har yanzu akwai gwangwani a kan kantarmu, amma ba shi kaɗai ba ne. In na zo darasin abinci a aji, na kan ajiye gwangwani da karas a kan tebur, in sa yara su yi lissafin nan da kansu, su kai wa iyayensu gida.

Ya ku iyaye, musamman mu maza masu riƙe da kuɗin cefane, rashin sani ya fi dare duhu. Yau da magariba ku dubi 'ya'yanku. In akwai mai lalube, ko mai maƙalewa wuri ɗaya da zarar duhu ya shiga, kada ku yi masa tsawa kamar yadda na yi. Ku kai shi asibiti gobe da safe. In kuma uwargida ta ce za ta yi miyar zogale, ku ce mata madalla. Allah ya ba mu hikimar riƙon 'ya'yan da ya ba mu amana.